Zuwa ga Auta, a kan Tafinta da Keken Ɗinki

Wurno,
ranar Talata da hantsi.

Ɗiyata Hauwa'u, Autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Shi sa wagga takarda ta same ki lafiya, ko cikin mota kika buɗe ta, ko kin riga kin sauka Legas, wurin sabon aikinki, kin aje kaya. Allah Shi tsare maki hanya, Shi raba direbanku da barci da gaggawa, Shi kai ki lafiya ke da duk wanda kunka shiga mota tare.

Kin san ina cikin takaba, ko ƙofar gida ba ni kaiwa balle tasha. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da bakina ya kasa faɗi. Na sa takardar ƙarƙashin ƙullin yaji da tafarnuwa, don na san nan za ki fara kai hannu. Rubutuna na wadda ta tsaya aji shida ne, ki yi haƙuri da shi, inda harafi ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Kafin komi ina godiya. Na gode ma Allah da Ya ba ni ke. Na gode maki da kika zauna tare da ni wata biyu cur tun rasuwar Babanku, kina share ɗaki, kina amsa masu gaisuwa, kina sa ni cin abinci da ƙarfi. Ban taɓa jin kin ce kin gaji ba. Na ga komi, ko da ban yi magana ba.

Amma akwai abin da kika faɗi jiya da ya tsaya mani a wuya. Ina ninke maki kaya na tambaye ki ko kin aika rahoton nan na aikinki ga mutanen da ya kamata. Kika ce kin toshe wurin da matsalar take, na'ura ta daina tsayawa, shi ke nan. Kika ce rahoto ba ki aikawa, ko buɗe wurin da kika aje shi ba ki so, don wanga aiki shi ya hana ki ganin Babanku da rai. Kika fita da bokiti kamar za ki ɗebo ruwa, alhali randa cike take. A kan wannan nike rubuto maki. Ina so ki aika rahoton, kuma ina so ki sauke abin da kika ɗora ma kanki.

Kada ki ce Inna ba ta san aikin ba. Ban san shi ba, gaskiya ne, amma na riƙe abin da kika gaya mani da Sallar da ta wuce muna tsintar shinkafa a tsakar gida. Kika ce can ƙasan kowace waya da kwamfuta akwai wata uwar manhaja da ba a gani, ita ke raba ma sauran aiki, ita ke cewa wane ya shiga, wane ya jira, kuma a kanta kike aiki ke da mutane daga ƙasashe da yawa. Kika ce ku kuna rubuta umarni da yaren da mutum ke iya karantawa, sannan wata manhajar ta maida shi yaren da ƙarfe ke ji. Kwamfaila kika ce sunanta. Na ce maki ni tafinta zan ce mashi, kika yi dariya kika ce ya yi. To cikin wanga zama da munka yi bayan rasuwar kika ƙara mani bayani, kika ce kin rubuta cewa a duba ƙofa kowane lokaci kafin a shiga, har kin sa alamar cewa kada a taɓa tsallake dubawar. Shi kuwa tafinta, don son nuna dabara da sauri, sai ya ga ai an duba ɗazu, ya share dubawa ta biyu bai gaya ma kowa ba. Na'ura ta yi ta aiki lafiya, sai ran da anka yi rashin sa'a ta sandare. Kika yi makonni kina zargin hannunki, har kika buɗe abin da tafintan ya fitar kika bi shi layi layi kika ga wurin da ya ci maki magana. Haka ne ko? In na yi kuskure ki gyara a zuciyarki.

Abin da ya sa na riƙe shi, na taɓa zama da irin wanga tafinta shekara da shekaru. Kekena na ɗinki ne, wanda ke nan ɗaki lulluɓe da zane.

Da anka kawo ni Wurno daga Gandi, da shi na zo. Na iya ɗinki tun gida, amma ina fara karɓar aikin mutane sai riguna sunka riƙa buɗewa. Ba ko'ina ba, kuma ba kowace riga ba. Mace ta sa riga sau biyu sau uku, sai a maido mani hammata ta wage. Na ce hannuna ne. Na sauya yadda nike riƙe yadi, na sauya zare, na sauya allura, na koma ina zama a karkace. Damina biyu ina haka. Kuka nike yi a ɓoye, ina cewa a Gandi yaudarata anka yi da anka ce na iya. Ban gaya ma Babanku ba, don kunya nike ji amarya ta ce ta kasa.

Wata rana ya dawo daga fadama da wuri, hannunshi duk baƙin man injin ban ruwa, ya iske ni ina farke riga ina share hanci.

Ya ce, "Tela, mi na na?"

Na ce, "Ba komi."

Ya ce, "Ba komi ne ya kumbura maki ido haka? Kawo mu gani."

Ya wanke hannu ya zauna ƙasa. Bai ce in ɗinka riga ba. Ya ce in kawo tsummoki. Ya ba ni ƙyalle ninki biyu, na ɗinka, lafiya. Ninki uku, lafiya. Ninki huɗu a hankali, lafiya. Ya ce to yanzu ninki huɗu, taka da gudu kamar gobe Salla. Na taka. Ya ɗaga ƙyallen ga haske, sai ga wuri uku allura ta shiga ta fita ba ta kama zaren ƙasa ba. Munka sake, haka. Munka sake da wani yadin, haka. Ya ce, "Ga ɓarawonki nan. Ƙarfen ƙasa mai kama zare shi ke makara in kauri ya haɗu da gudu. Hannunki lafiya lau." Ƙyallen nan bai kai tafin hannu ba, ya sa shi aljihu. Ya ce shi haka shike yi ma inji, rage abu shike yi yana ragewa har ciwon ya rasa wurin ɓuya.

Na gode ma Allah da Ya ba ni miji mai irin wannan haƙuri. Damina biyu na ɓata don na gwammace in yi kuka da in gwada. Ke kada ki yi haka. In abu ya ƙi, kada ki fara da tambayar ko ke wace iri ce. Ki rage shi ya zama ɗan ƙyalle, wanda kowa zai iya ɗagawa ga haske ya gani da idonshi. Na san kin riga kin yi haka da naki, kin ce layi goma sha wani abu ya rage. Jinin Babanku ne ke jikinki. To ƙyallen da anka yanka don a nuna ma mutane, mi za shi yi a aljihu?

Sai dai ban tsaya nan ba, na zarce. Tun da na san keke na da laifi, komi ya ɓaci sai in ce keke. Wata mata daga Kwargaba ta kawo atamfa a yi mata riga da zane, na yanka hannun hagu ya fi na dama gajarta da kusan yatsa uku. Ta sa, ta miƙe hannuwa tsakar gida tana kallona. Ban ko ji kunya ba na ce, "Wallahi keken nan ne, kwana biyu ba shi da lafiya." Babanku na zaure yana ji. Da ta tafi ya leƙo ya ce, "Tela, yaushe keke ya fara riƙe almakashi? A gaya mani in daina barin nawa kusa da shi." Na yi fushi, yini guda ban yi mashi magana ba, amma da la'asar na aika anka kira matar na gaya mata ni na yanka ba daidai ba, na sake mata hannun.

Don haka ga ɗaya gefen. Yanzu da kika kama tafinta sau ɗaya, zuciya za ta riƙa gaya maki shi ne duk sanda aiki ya karkace. Mafi yawan lokaci ke ce, kamar yadda mafi yawan lokaci ni ce. Ki fara bincikar almakashinki. In kin je sabon wuri kika yi kuskure, ki ce ni na yi, da bakinki, kafin wani ya gano. Ba ya kashe mutum. Ni ga ni.

Ƙarfen da ya lalace ba a samunshi a lokacin. Babanku ya tambaya kasuwar Goronyo, ya tambaya Sakkwato, anka ce sai an kawo. Sai na koyi zama da shi. In na kusa mahaɗa, inda ɗinki ya hau kan ɗinki, sai in ɗauke ƙafa, in juya wili da hannu, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, in wuce kaurin, sannan in ci gaba da takawa. Riga ba ta sake buɗewa ba. Har sunana ya fita, ana cewa ɗinkin Ta Gandi ba ya farkewa. Na ji daɗin sunan ƙwarai, kuma ban gaya ma kowa dabarar ba. Ba rowa ce kaɗai ba. Hannuna ya saba har na manta cewa dabara ce, na ɗauka haka ake ɗinki.

Sai anka haife ki, saura kwana tara Salla ƙarama, ga kayan mutane tuli a ɗaki. Ina wankan jego, ko zama kan kujera ba ni iyawa. Gwaggonki Ai, ƙanwar Babanku, ta ce in kwanta ita za ta ƙarasa. Kin san ta da zafin nama, ta hau keke tana takawa kamar mai tsere. Ina kwance ina jin ƙarar, wallahi ko a raina bai zo ba in ce mata ta tsaya a mahaɗa. Ta gama riga goma sha ɗaya cikin kwana shida, kowa na sa mata albarka.

Ranar Salla, tun kafin azahar anka fara sallama. Limamin unguwarmu na lokacin, Allah Shi jiƙanshi, ya ɗaga hannu zai yi kabbara a filin idi, hammata ta ce ɓarr, har na sahu na biyu sunka ji. Matar mai unguwa ta aiko da tata a ƙunshe ba ko gaisuwa. Gwaggonki ta shigo ɗakin jego da riguna a kafaɗa, idonta ja.

Ta ce, "Ta Gandi, kekenki aljanu gare shi ko ni kika yi ma asiri?"

Na ce, "Af! Ai, ba ki tsaya a mahaɗa ba?"

Ta ce, "Wace mahaɗa? Ta hanyar Rabah?"

Na gaya mata. Ta aje rigunan ta kama ƙugu ta ce, "Kwana shida ina gabanki ina taka wanga abu, kina kwance kina shan kunun kanwa, ba ki iya buɗe baki ki ce mani biyar da hannu? Ni ce yau anka sa ma suna mai ɗinkin rana ɗaya!" Ta yi wata uku ba ta taɓa keke ba. Har yau in ta so tsokanata a gaban mutane sai ta ce a tambaye ni ina mahaɗa. Ta yafe, Allah Shi saka mata, ita ce ma ke kwana da ni yanzu. Amma sunanta na ɓata a banza.

Washegari Babanku ya samo farin fenti ya rubuta da ajami a kan katakon keken: in ninki huɗu ne a tsaya, a juya da hannu sau biyar, ƙarfen ƙasa ke makara. Kin sha ganin rubutun kina ƙarama kina tambaya ko addu'a ce.

Kin ce kin toshe naki wurin, kin hana tafinta yin dabararshi a daidai nan. Madalla. To kin rubuta a gefe? Ki rubuta dalili, ki rubuta wane tafinta ne da wane zubi nashi, ki rubuta abin da zai faru in anka cire. Wata rana kina jego ko kina wani gari, wata Gwaggo Ai mai zafin nama za ta zo ta ga layin nan ta ce wannan mi shike yi nan, ta share shi don ta gyara maki aiki. Laifin ba nata ba ne in ba ta iske rubutu ba. Kuma ki rubuta ranar da ya kamata a cire shi. Ni da ƙarfen ya samu daga baya Babanku ya sa sabo, na ci gaba da juyawa da hannu shekara da shekaru, tsoro ya hana ni yarda cewa an gyara. Wuyan hannuna na dama da ke ciwo in sanyi ya shigo, ribar da na ci ke nan.

Yanzu ga wanda ya fi ci mani rai cikin sha'anin keke. Ba ni kaɗai na sayi irinshi ba. Wani ɗan kasuwa ya kawo su da yawa shekarar, iyaye sunka saya ma ɗiyansu na aure. Ban taɓa tunanin sauran ba. Nawa ya zauna daidai, shi ke nan. Kina aji uku a sakandare na je suna Rimawa, na zauna kusa da wata mata, Hajo, tsarata. Ta yaba ɗinkin rigata, na ce ni na yi. Ta ce ita ma da ta taɓa, har keke anka saya mata, amma Allah bai ba ta hannu ba, duk abin da ta ɗinka sai ya buɗe a hammata. Ta ce shekara ɗaya ta yi ta bari, keken na nan ana aje kwanoni a kai. Na tambaye ta irinshi da shekarar. Shi ne. Tana faɗi tana dariya, tana cewa kowa da abin da anka ba shi. Ni kuwa na aje wainar da nike ci. Na gaya mata biyar da hannu, ta dube ni ta ce, "Yanzu? Ido ya tafi, 'yar'uwa."

Da na gaya ma mai kawo kekunan tun farko, ko na ba Babanku saƙo ya faɗi a kasuwa inda shike gyaran inji, da magana ta kai Rimawa. Tsakaninmu da su ba nisa. Hajo ta yi shekara ashirin da wani abu tana ganin ita ce ba ta iya ba.

Auta, tafintan nan ba ke kaɗai ke aiki da shi ba, ke kika ce mani duniya ce ke amfani da shi. A wani gari yanzu akwai wata tana zaune tana zargin hannunta. Ba ki san ta ba, ba za ki taɓa saninta ba. Masu ƙera tafintan kuma ba su san ya karkace ba sai an nuna masu. Ki aika masu da ladabi, kada ki yi masu gori, mutane ne masu aiki kamar ke, kuma kin ci amfanin aikinsu shekaru. In sun ce ke kika yi kuskure, ki sake dubawa da gaske, in kin tabbata ki sake nuna masu ƙyallen. In dattawan aikin sun yi maki magana mai kaushi, ki ɗauki gyaran ki bar kaushin.

Na san za ki ce duk kin san wannan, ba shi ne ya hana ki ba. Na sani. Na yi ta kewaye ne don ina tsoron abin da zan rubuta yanzu. Na tashi na sha ruwa na dawo.

Ranar Lahadin nan da kika kira daga Zariya bayan la'asar, kin tuna. Kika ce, "Inna, ya jikin Baba?" Na ce da sauƙi. Kika ce kin kusa kama abin, kwana biyu kawai kike buƙata ki ƙarasa, amma in taho? Na ce ki ƙarasa aikinki, yana gaishe ki. Kika sake tambaya, "Inna, tsakani da Allah?" Na ce da sauƙi ƙwarai, har ya sha fura.

Bai sha fura ba. Kuma ba gaisuwa ya ba ni ba. Kafin wayarki ta shigo da kamar rabin awa ya kama hannuna ya ce, "Ki gaya ma Auta ta taho." Haka ya faɗi, ba ƙari ba ragi. Ni na sauya.

Tun ina yarinya ban taɓa jin an tambayi jikin mara lafiya anka ce ya tsananta ba. Da sauƙi ake cewa, ko mutum na kan gargara. Haka na ji uwata ta ce ranar da mahaifina zai cika, haka na ce ma kowa da ya shigo dubiya. Bakina ya riga hankalina. Sannan na ji muryarki da daɗi, irin muryar da kike yi in abu ya kusa faɗo maki, na ce a raina kwana biyu ai ba komi, mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaga inji a kafaɗa ba ya tafiya cikin kwana biyu. Na ga kamar na fi shi sanin abin da shike nufi. Na share maganarshi na sa tawa.

Da safe bayan ya yi sallar asuba a zaune ya tambaye ni ko kin taso. Na kasa yi mashi ƙarya, na gaya mashi abin da na ce maki. Na ɗauka zai yi faɗa, sai ya ce, "Tela, Tela. To kira ta yanzu." Shi ne kiran da na yi maki kika fito ko mayafi ba ki ɗauka daidai ba. Bayan na aje waya ya ce, "Ta kama ɓarawon?" Na ce ta kusa. Ya ce, "Za ta kama shi. Allah Shi yi mata albarka." Ya faɗi sau biyu. Da hantsi ya cika, anka kai shi bayan azahar, ke kuma kina hanya. Kin iso kin iske tabarmi a ƙofar gida.

Wata biyu ina kallonki kina cin kanki, kina cewa kin zaɓi aiki kin bar uba. Na yi shiru don ina tsoron yadda za ki dube ni. Ba ki zaɓi komi ba, ɗiyata. Kin tambaya, kin sake tambaya, har kin haɗa ni da Allah. Abin da ya iso kunnenki shi kika yi aiki da shi, kuma da maganarshi ta iso yadda ya faɗe ta, da a daren Lahadi kina Wurno. Ke da kike bin layi layi har ki ga inda magana ta ɓace, ga shi na nuna maki wurin. A bakina ne. Na san wannan zai yi maki ciwo sabo, amma gara ki san inda ciwon shike da ki yi ta zarginki a inda babu laifi.

Ban ce ki yafe mani yau ba. In kin ji haushi ki ji, hakkinki ne, in ba ki kira ni mako guda ba zan gane. Na roƙi Allah gafara, na roƙi Babanku tun yana ji, ya ce ba komi. Saura ke, kuma zan jira. Abin da nike roƙo yanzu, kada ki hukunta aikin. Bai yi maki komi ba. Shi ne abu na ƙarshe da Babanku ya tambaya a kanki, kuma da fara'a ya tambaya. In kin huta kin yi wanka kin ci abinci, ki buɗe, ki karanta sau ɗaya, ki yi bisimilla ki aika.

Na gode ma Allah da shekara talatin da huɗu da na yi da Babanku. Na gode da Ya bar mani ku. Na gode da ɗiyar tela da bakanike daga Wurno za ta sa hannu a abin da mutanen da ba su san sunan garinmu ba za su amfana da shi. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki nemi maƙwabciya ta gari ki gaishe ta tun ranar farko. Ki riƙa tashi daga gaban kwamfuta kina miƙe baya, kuma shayi ba abinci ba ne.

Ni kuma ga alkawarina. Daga yau in kin tambayi jikina, abin da ke akwai shi za ki ji, ko Gwaggonki ta harare ni ta ce ba a faɗin haka. Bari in fara. Gwiwar hagu na ciwo tun shekaranjiya. Jiya na yi kuka sau biyu, yau sau ɗaya, wurin rubutun nan. Tuwon safe rabi na ci. Maganin hawan jini na sha. Ina kewarshi ƙwarai, kuma tun ba ki fita ba na fara kewarki. Ban da wannan, lafiya nike, kuma wagga lafiyar ta gaskiya ce.

Allah Shi kiyaye ki a mota da masauki, Shi haɗa ki da mutanen kirki, Shi tsare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba ki gani. Allah Shi sa albarka a hannunki da idonki. Allah Shi jiƙan Babanku, Shi haskaka makwancinshi, Shi sada mu da shi cikin rahama. In kin sauka ki sa a sanar da ni, ko ta wayar Gwaggonki ce.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki.